Wayar Da Babu Jan Ƙarfe A Cikinta

Ranar da Ummussalma ta fara shigowa shagon Munzali, tsugune ta same shi a bayan kanta yana cin ɗanwake, leɓensa sharkaf da man gyaɗa. Da ana tambayar mutum yanayin da yake so ƙaddara ta riske shi, ba wannan zai zaɓa ba. Sai dai ba a tambaya.

Shagon wani ɗan tsukuku ne a bakin titin Kano, nan cikin Birnin Kudu. Caja, rimot, batira da wayoyin talabijin, su ke nan. Shi dai idan yana magana da abokai "ofis" yake ce masa.

Ta yi sallama, ta ce ita ɗaliba ce a makarantar koyon jinya, 'yar Gwaram, kuma mahaifinta ne ya aiko ta. An kawo masa sabuwar talabijin daga Kano, irin marar kaurin nan, haɗe da wata doguwar sifika, amma babu wayar da za ta haɗa su. Kunnen Baban ya yi nauyi, muryar talabijin ɗin kuwa kamar ta sabuwar amarya a gaban surukai.

Ya goge baki da bayan hannu, ya tambayi yadda ramukan bayan talabijin ɗin suke. Ta nuna masa hoto a wayarta. Ya gani sarai, idonsa lafiya lau, amma ya ce ta turo masa ya ƙara girmansa a tasa wayar. Haka lambarta ta shigo hannunsa, yana ganin ya yi dabarar da ba a taɓa yi ba. Duk mun yi irinta, duk kuma 'yan matan sun gane mu.

Ramin ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, da 'yar ƙofa a bakinsa. Ya ce mata wannan na oftikal ne, wayarsa ba wuta take ɗauka ba, haske ne ke bi ta cikinta ya kai sauti. Ya zube mata kala-kala a kan kanta. Hannunta ya tafi kan wata doguwa mai bakin zinare. Ya ce zinaren ado ne kawai, haske bai san da zamansa ba. Tsawon ma ba shi da amfani in sifikar a ƙarƙashin talabijin take; wadda za ta kai ta bar ɗan rara ta isa. Ya zaɓa mata matsakaiciya mai kaurin riga saboda ɓeraye, ya nuna mata 'yan hulunan roba da ke bakunanta, ya ce a cire su kafin a jona.

"Kai wane irin ɗan kasuwa ne? Ana son mai tsada kana hanawa."

"Irin wanda yake so a dawo," in ji shi, ya kuma yi mamakin inda ya samo bakin.

Ta yi murmushi ƙasa-ƙasa. Sannan ta zare wayar daga kwalinta don jakarta ƙarama ce, ta ninke ta, ta sake ninkewa, ta matse, ta ɗaure da roba tam, ta cusa. Munzali ya san wayar haske ba ta son lanƙwasa, zaren cikinta karyewa yake. Kullum yana faɗa wa mutane. Amma ran nan yana kallon jan lallen da ke yatsunta, har ta fita bai tuna yana da harshe ba.

Bayan kwana biyu ya tura saƙo: "Salamu alaikum. Mai shagon waya ne. Ina fatan Baba yana jin labarai yanzu."

Amsa ta zo: "Alhamdulillah, an gode ƙwarai Injiniya. Ina fatan an ƙarasa ɗanwaken lafiya."

Gaskiyar magana sifikar ko tari ba ta yi ba. Ummussalma ta ɓoye masa ne don kada ya ji kunya, mahaifinta kuma ya jefa wayar cikin akwatin kayan aikinsa ya ce a bar zancen. Munzali bai san haka ba. Ya ci gaba da tafiya da ƙirji a gaba kamar wanda ya buɗe kunnen Gwaram gaba ɗaya.

Daga nan sai cajarta ta riƙa lalacewa fiye da ta kowa a makarantar. Shi kuma ya gano hanyar masallacin da ya fi kusa da shagonsa ta ƙofar makarantarsu ta bi, duk da cewa ba ta nan ta bi ba. Ta ce masa Injiniya, ya ce mata Likitata. Ta ce ba likita ba ce, ya ce ai ciwon nasa ma ba na asibiti ba ne. Ta ce wannan maganar ta tsufa tun zamanin kakanninsu, amma ta yi dariya.

"Likitata, yau na ba wani mutum rimot ɗin fanka a madadin na talabijin. Ki ji tsoron Allah ki fita daga kaina lokacin aiki."

"Injiniyana, ni ma na auna jinin wata tsohuwa sau biyu ina tunanin wani abu. Mun yi canjaras. Ka ci abinci."

Da damina ta tsaya, Ummussalma ta kammala karatu, ta koma gida, ta faɗa wa mahaifiyarta Inna Kaltume zancen Munzali. Inna Kaltume ta kai maganar gaba.

Malam Ishiyaku Rewaya, mahaifin Ummussalma, ya ƙare ƙuruciyarsa ne da kai a cikin injin mota yana gyaran wayoyin wuta. Duk direban da ke jigila tsakanin Gwaram, Fagam da Kwandiko ya san rumfarsa a gefen tasha. Ƙarar injuna ta cinye masa kunne, amma ta bar masa ido da ra'ayi. A wurinsa waya da mutum hukuncinsu ɗaya: a fere rigar a ga abin da ke ciki.

Akwai kuma Abdulnasir, ɗan amininsa, mai motocin haya, wanda rabin rayuwarsa a Kano take. Shi ne ya kawo talabijin da sifikar, kuma kowa ya san ba don Allah kaɗai ya kawo ba. Da ya ji sifika ta ƙi magana ya sake kawo wata waya mai kauri, mai kai ja da fari. Malam Ishiyaku ya fere gefenta, ya ga jan ƙarfe cunkus, ya yaba. Matsalarta ɗaya ce, babu ramin da za ta shiga a jikin talabijin ɗin. Wannan kuma laifin talabijin ne, in ji Malam. Aka lulluɓe sifika da mayafin leshi, ta zama kayan ado.

Da ya ji mai neman 'yarsa shi ne yaron da ya sayar mata da waccan wayar, bai aika kowa Birnin Kudu bincike ba kamar yadda ake yi. Akwatinsa ya buɗe, ya ɗauko ta, ya sa filaya ya datse a gaban direbobi. Babu jan ƙarfe ko sili ɗaya. Wani farin zare ne kawai a ciki, kamar na fatsa.

Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce shekarunsa a harkar waya sun fi na yaron a duniya, bai taɓa ganin cuta tsirara irin wannan ba. Wanda ya iya kallon idon yarinya ya sayar mata da roba, in aka ba shi ita me zai ciyar da ita? Kafin la'asar labari ya shiga motocin Birnin Kudu, fasinja na biya, shi yana tafiya kyauta.

Hoton datsattsiyar wayar ya iso wayar Munzali tare da saƙon Ummussalma: "Baba ya yanke wayarka a tasha. Ya ce kai macuci ne. Tun ranar ba ta yi ba, na ɓoye maka, ka yafe min. Don Allah ka faɗa min gaskiya, ka san babu komai a cikinta?"

Ya ƙara girman hoton, wannan karon da dalili. Ga wuraren ninkin nan, sun yi fari sun tauye. Sai ya tuna yatsun lalle, ya tuna robar, ya tuna bakinsa da ya ƙi buɗuwa. Ya zauna a kan kwalin batira ya dafe kai.

Ya kira ta ya rantse mata cewa haka ake yin irin wayar. Ta yarda, amma ta ce ba ita ce ke buƙatar yarda ba. Bai faɗa mata zancen ninkin ba.

Kawunsa Zulkifli ya shirya ya tafi Gwaram neman izinin gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi ruwa, aka nuna masa guntun wayar, aka rako shi har bakin titi da mutunci. Ya dawo ya ce wa Munzali shi ma fa ya duba, babu komai a ciki. Ya ba shi shawara ya je ya ba da haƙuri, ya ce kuskure aka yi daga Kano.

A nan Munzali ya maƙale. In ya ba da haƙuri, ya amsa sunan macuci da bakinsa, kuma ba a ba macuci mata. In ya ce wayar lafiyarta ƙalau, ya ce wa dattijon da yake so ya zama surukinsa bai san waya ba, a garin da sunansa ma Rewaya. Ya daina cin abinci sosai. Mai ɗanwake ta zo da kanta ta tambaya ko ta yi masa laifi.

Sai wani saƙon: "Mutanen Abdulnasir za su kawo goro ranar Juma'a. Baba bai tilasta ni ba, ya ce in kawo wanda nake so, ban da macuci. Ni kuma ba ni da wani sai kai. Injiniya, ka yi wani abu."

Abin da ya yi, mai hankali ba zai yi ba. Ranar Alhamis ya kwashe duk wayoyin oftikal da ke shagonsa, masu zinare da marasa zinare, dogaye da gajeru, ya zuba a buhu, ya shiga motar Gwaram. Tunaninsa shi ne, in Malam ya ga kowane kamfani haka yake yin tasa, zai gane da kansa, ba sai an ce masa ya yi kuskure ba. A cikin mota dabarar ta yi masa kyau ƙwarai.

Ya sami Malam Ishiyaku a rumfa yana gyaran fitilar wata bas. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi. Sai da ya maimaita da ƙarfi sannan aka amsa. Ya faɗi sunansa. Direbobin da ke kan benci suka gyara zama.

Ya zazzage buhun, ya ce Baba ya zaɓi duk wadda ya ga dama ya yanke.

Malam ya ɗauki mai bakin zinare ya datse. Roba. Ya ɗauki wata ya datse. Roba. Ya ci gaba, cikin natsuwa irin ta mai yankan farce, guntaye na zuba a gaban gwiwoyin Munzali. Da ya gaji ya juya wajen benci.

"To kun gani. Ni na zaci 'yata kaɗai ya cuta. Ashe duk shagon haka yake."

Aka yi dariya, wani ya yi salati. Munzali ya dubi jarinsa a ƙasa, ya ga saura guda ɗaya, filaya kuma ta riga ta buɗe baki a kanta. Bai san sanda ya riƙe ɗaya bakin wayar ba.

"Baba, don girman Allah. Wannan a jona ta tukuna. In ba ta yi ba ka yanke, ni kuma ba za a sake ganina a Gwaram ba."

Malam ya ce me ya ce? Wani direba ya maimaita masa a kunne. Malam ya ƙare wa yaron kallo, ya ga gumi ya jiƙa masa riga har baya. Wataƙila tausayi ne, wataƙila alkawarin ba za a sake ganinsa ba ne ya yi masa daɗi. Ya miƙe, ya kira mutum biyu daga benci su zo su zama shaida.

Falon Malam a ƙofar gida yake, da labule tsakaninsa da cikin gida. Wuta ba matsala ba ce, don da hannunsa ya haɗa sola da batiran mota. Aka yaye wa sifika mayafinta. Munzali ya kunna talabijin, ana tafsiri, bakin malamin na motsi, muryar can ƙasa. Ya cire 'yan hulunan roba, ya jona baki ɗaya a bayan talabijin, ya daidaita sifikar da rimot. A bayan labule ya ji motsin awarwaro.

Ɗaya bakin bai jona ba. Ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya ce aikin manya ne.

Malam ya karɓa, sai ya ga ɗigon jan haske a bakin wayar. Ya taɓa da yatsa yana jiran ta ja shi. Ba ta ja ba. Ya rufe da babban yatsa, ya buɗe. Ya sunkuya ya nufi ramin sifikar, kafin bakin ya gama shiga, tun bai taɓa komai ba, muryar mai jan baƙi ta cika falon har shaidu suka zabura.

Ya janye hannu. Shiru. Ya matsar. Murya. Ya janye, ya matsar, ya janye, ya matsar, mai jan baƙin na ta yankewa yana dawowa, babu wanda ya isa ya ce a bar bawan Allah ya ƙarasa aya. Daga ƙarshe ya tura ta ta ce ƙas, ya koma ya zauna a kujerarsa.

Ya daɗe yana saurare. Shekaru ke nan yana gyaɗa kai a gaban talabijin da rediyo, yana yi kamar yana ji. Munzali ya ga idon dattijon ya kawo ruwa, sai ya mayar da nasa idon kan tabarma, shaidu ma suka sami abin kallo a silin.

Da Malam ya yi magana, bai ce ya yi kuskure ba. Tambaya ya yi: in haka ake yin su, me ya hana ta farko yi?

Munzali ya san amsar. Amsar tana bayan labule sanye da awarwaro. Ya ce laifinsa ne. An ninke wayar a gabansa, ya san ninki na karya ta, bai hana ba.

"Wa ya ninke?"

Munzali ya kafa wa tabarma ido.

"Ni ce, Baba," in ji murya daga bayan labule. "Jakata ce ƙarama."

Malam bai juya ba. Ga alama wannan kam ya ji ta sarai. Ya tsare Munzali da ido.

"Kana gani, ka sani, ka yi shiru. Me kake yi a lokacin?"

Babu ƙaryar da ta zo masa. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Hannunta nake kallo, Baba."

Ɗaya daga shaidun ya fita waje da sauri yana tari. A cikin gida aka ji Inna Kaltume ta ce wa wata ta tashi daga nan, marar kunya. Malam Ishiyaku ya ɗauki rimot ya juya shi, ya ajiye.

"Ashe ba macuci ba ne kai. Sakarai ne." Ya ƙara murya kaɗan. "Ka ce wa kawun naka ya dawo. Wancan zuwan bai sha fura ba."

Da yamma Malam ya taka da ƙafarsa har gidan amininsa, suka yi maganar da ta fi ƙarfin yara. Goron Juma'a bai zo ba. Abdulnasir ya yi fushi na ɗan lokaci, aka ce har ya yi zancen karɓe talabijin ɗinsa, mahaifinsa ya tambaye shi ko a gidan wa aka haife shi. Ya haƙura. Daga baya ma motocinsa ne suka yi jigilar 'yan biki, ko da yake bai yarda ya tuƙa ko ɗaya ba.

A ranar Alhamis ɗin, Munzali na cikin motar komawa, buhu wayam a cinya, saƙo ya shigo: "Sakaraina. A gaban Baba? A gaban mutane? Inna ta ce ba zan ƙara sa lalle ba sai na biki. Allah ya kai ka gida lafiya, ka ci abinci don Allah."

Ya rubuta: "Likitata, shagona ya zama kango, sunana ya zama sakarai, kuma tunda aka haife ni ban taɓa jin daɗi irin na yau ba."

Abu ɗaya ya rage yana ci masa rai. A tasha aka kira shi macuci, a falo aka wanke shi. Har bayan an sa rana, in ya sauka a Gwaram yana jin 'yan kamasho na nuna shi da baki. Bai faɗa wa kowa ba, don wanda aka ba mata ba ya neman ƙari.

Aka ɗaura aure bayan kaka, a ƙofar gidan Malam Ishiyaku. Direbobin Fagam da na Kwandiko sun cika layin, mutanen Birnin Kudu sun zo da Kawu Zulkifli a gaba, babbar rigarsa na shan iska. Bayan waliyyai sun gama, an shafa fatiha, maroƙi ya buɗe baki zai fara, sai Malam ya ɗaga hannu. Ba al'ada ba ce uban amarya ya yi jawabi a nan, amma wa zai hana shi? Ya miƙe, da muryar nan tasa ta mai nauyin kunne wadda ba ta buƙatar lasifika.

"Jama'a, da yawanku kuna wurin na ce yaron nan macuci ne. To ku shaida, a gabanku na faɗa, a gabanku na janye. Ni ne ban sani ba." Ya ɗan tsaya. "Sakarcin kam yana nan. Shi ya sa na haɗa shi da wadda ta fi shi wayo. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa su rufa wa juna asiri."

Amin ɗin da aka amsa har cikin gida. Munzali na can baya cikin abokai, inda ango ke ɓuya. Ya ja hularsa ta rufe goshi, abokai suka yi kamar ba su gani ba.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu.

"Na ji Baba daga ɗaki. Kowa ya ji. Angona, share idonka ka je ka gaishe shi, yana jiranka."

Ya share, ya cire takalmi, ya ratsa taron.